Daga Tashar Ƙaura Zuwa Ƙetare: Tarihin Fitar 'Ya'yanmu Neman Ilimi

Da kwamitin mujallar ƙungiyarmu ya nemi mu ba da gudummawa a fitowar bana, sai muka ga ya dace mu waiwayi tarihin fitar 'ya'yan wannan yanki namu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi zuwa ƙasashen waje neman ilimi. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikinku mazauna Kaduna da Abuja da Ikko kuna da niyyar tura yaro Masar ko Indiya, wasu kuma sun riga sun tura, sun ga abin da suka gani.

Fita neman ilimi ba Turawa suka koya mana ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, kafin daga baya ya shafe kimanin shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara. Kakanninmu sun san tafiya gabas: gardi ya rataya allo ya nufi Barno, ba zai dawo ba sai ya haddace Alƙur'ani. Alhazan ƙasa kuma sukan ratsa Wadai da Darfur a ƙafa, su yi shekaru a hanya, wani ya tsaya Azhar, wani ya zauna Makka gaban malamai. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun bi wannan hanya suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, har ta kai ɗan ƙasar Hausa ba ya rasa masauki a can. Ɗalibin wancan zamani ba shi da fasfo, amma ya san zangon da zai sauka da malamin da zai karɓe shi.

Da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, sai garin ya zama ƙarshen hanyar jirgi, inda ake tara gyaɗa da auduga. Ta wannan tasha 'yan makarantar yankin suka riƙa ficewa. Tsanin boko a lokacin siriri ne ƙwarai: daga elementare sai Midil ta Sakkwato, wanda ya yi zarra ya wuce kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1922, wadda ta koma Kaduna, daga bisani ta zauna Zariya da sunan Barewa. Ƙofar ƙetare ba ta buɗe wa malaman Arewa sosai ba sai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan, a 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. A 1954 kuma aka tura wasu malaman Arabiyya makarantar Bakht ar-Ruda ta Sudan, cikinsu har da ɗan Zamfara, Malam Abubakar Gumi, da Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Turawan mulki sun zaɓi Sudan ne saboda gudun kada ɗaliban su kwaso siyasar Masar.

Ba za mu yi wa wancan tsari kwalliyar da ba shi da ita ba. Waɗanda suka samu ba su taka kara sun karya ba, akasarinsu 'ya'yan sarakuna ne da ma'aikatan En'e, 'ya'ya mata kuwa ba a ma maganarsu. Amma yana da ƙa'ida guda da ya riƙe: wanda ya tura ɗalibi shi zai biya har ƙarshe, ɗalibin kuma ya sa hannu a takardar alkawari cewa zai dawo ya yi wa ƙasarsa aiki. Sun dawo kuwa, sun zama alƙalai da malamai da shugabanni.

Zamanin da muka gani da idonmu shi ne na kuɗin mai. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya cika kwalejojin horon malamai da irinmu, ana ciyar da mu, ana ba mu alawus. Daga 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗebi matasa zuwa Amurka da Kanada da ƙasashen Turai don koyon fasaha cikin gaggawa. A lokacin naira ta fi dala daraja, abin da jikokinmu kan ɗauka tatsuniya ce. To, amma rabon yankinmu ya yi ƙaranci, domin guraben na masu takardar sakandare ne da darussan kimiyya, mu kuwa yaranmu masu irin wannan takarda ƙalilan ne. Tun daga ranar muka gane cewa jirgin sama ba ya ɗaukar wanda bai taka tsanin ƙasa ba. A nan ya kamata mu tuna cewa marigayi Marafan Sakkwato, Alhaji Umaru Ali Shinkafi, wanda ya shugabanci hukumar tsaron ƙasa daga 1979 zuwa 1983, a Jami'ar Ikko ya karanta lauya. Haka kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983 ta yaye 'ya'yan talakawa fiye da duk wani shirin ƙetare da muka sani.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, ƙofar Turai ta rufe wa talaka. Abin da ya saura shi ne Madina da Azhar da Khartum, da Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, sai 'yan guraben da gwamnatin tarayya ke samu ta yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya.

Bayan samun jihar Zamfara a 1996 da dawowar mulkin farar hula, tura ɗalibai ya koma hannun gwamnonin jihohi, ya kuma zama abin ado a siyasa. Wajen 2019 zuwa 2020 jiharmu ta tura ɗalibai Sudan da Indiya da tsibirin Saifurus, galibi don karatun likita da injiniya. Mun yi murna, domin asibitocinmu na kukan rashin likitoci. Sai jarrabawa ta zo a jere. Yaƙin Yukren na 2022 ya koro 'yan Nijeriya masu karatun likita. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibai a motoci, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar. A shekarar nan aka saki naira, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin makaranta ya ninka ba tare da an ƙara ko darasi ɗaya ba. A 2024 jaridu suka cika da labarin 'ya'yan Zamfara a Saifurus, bashi ya taru a kansu, takardun zamansu sun ƙare, wasu na aikin ƙarfi don su ci abinci. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da nata shirin na yarjejeniya. Mun zauna da wani uba, tsohon ɗalibinmu, wanda ya sayar da shanunsa biyu don ya aika wa ɗansa kuɗin abinci, ga shi bai san ranar da yaron zai karɓi takardar kammalawa ba.

A daidai wannan lokaci tsanin ƙasa yake karyewa. A 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta Moriki. A watan Satumban 2021 aka rufe makarantun jihar, aka hana cin kasuwannin mako, har da ta Alhamis a Shinkafi, aka yanke layukan waya. Yaron ƙauyen Zurmi da ya yi shekara ba aji ba zai shiga takarar gurbin Alƙahira ba, balle na Gusau ko Talatar Mafara, inda yanzu muke da jami'o'i a ƙofar gida.

Saboda haka muna roƙon taron ƙungiya na bayan Babbar Salla ya duba shawara ɗaya: kada a tura yaro ƙetare da sunan ƙungiya sai kuɗin dukan shekarun karatunsa suna ajiye a asusu, an kuma san ɗan gari ko amintaccen da zai zame masa masauki a can. In asusun bai kai haka ba, a biya wa yaran gida kuɗin jarrabawar fita sakandare da na shiga jami'a. Muna kuma fatan a buɗe rajistar duk ɗan yankin nan da ya taɓa karatu a waje, da ƙasar da ya je, da shekarar da ya dawo, da inda yake aiki a yau. Wanda yake da suna ya miƙa wa sakataren reshensa kafin ranar taro. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.