Goro, Fure da Asuwaki: Tarihin Haƙori a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Goro ba ya tsiro a ƙasar Hausa, amma da wuya a sami wani ɗan itace da ya shiga al'adun Bahaushe kamarsa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihinsa ta fuskar haƙori a ƙasar Gwarzo da Kabo, yamma da birnin Kano, don a bambance abin da yake rina baki da abin da yake cutar da shi.

Littafin Tarihin Kano ya danganta zuwan goro da zamanin Sarki Dauda (1421–1438), sa'an nan ya ce Abdullahi Burja (1438–1452) ne ya buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan shafe watanni a tafe kafin su kai Salaga, inda ake sayen goron Asante. Tsawon wannan tafiya shi ya sa goro ya yi tsada ƙwarai. Saboda haka manomin Getso ko na Garo ba kullum yake samunsa ba, sai ran suna ko ɗaurin aure ko salla. Jan baki kuwa ya zama shaidar wadata.

Mata su suka mai da wannan ja ado. Sukan tauna goro, su goge haƙora da fure, watau furen taba, wani lokaci tare da gauta, har haƙori ya rine. Maza kuma, musamman dattawa, sukan ɗura garin taba da kanwa a bayan leɓe. Duk da haka ba a bar baki ba wanki, domin Musulunci ya kwaɗaitar da yin asuwaki. Akan yi shi da icen marke, daga baya da darbejiya, wadda aka shigo da ita zamanin Turawa. Akan kuma goga gawayi ko gishiri. In haƙori ya ruɓe, akan ce tsutsa ce ta ci shi, a kai wa wanzami ya cire.

Al'amura sun juya bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa kawo goro ta teku zuwa Ikko, Yarbawa kuma suka kama nomansa a wajajen Agege da Shagamu. Goro ya yi araha, har mai faifai yana tallarsa a kowace kasuwar ƙauye. Da ya zama na kowa, sai jan baki ya daina nuna arziki. Makarantar boko da buroshi da man goge baki suka ɗaukaka farin haƙori, fure ya koma abin tsofaffi.

A nan kwatanci da Pakistan yana da amfani. A can ma akwai wani ƙwallo da ake kira chaliya, wanda ake taunawa da ganye da farar ƙasa, sau da yawa da taba. Yana rina baki, ana kuma karrama baƙo da shi. A 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa cewa wannan ƙwallo yana haddasa ciwon daji ko da ba a haɗa shi da taba ba, birnin Karachi kuwa yana cikin wuraren da ciwon dajin baki ya fi yawa. Ba a yanke wa goro irin wannan hukunci ba. Aibinsa shi ne rini da hana barci. Amma tabar da ake ajiyewa a baki tana cikin jerin da aka sa chaliya.

Ke nan abokan tafiyar goro sun fi shi haɗari. Fure ya ja baya, amma garin taba yana nan, ga kuma sukari a shayi da alewa da lemon kwalba, wanda shi ne babban sanadin ruɓewar haƙori. Mai koyar da kiwon lafiya a Gwarzo ko Kabo, in ya tsaya yaƙi da goro, zai ɓata da dattawa a banza. Gara ya nuna musu taba da sukari, ya kuma ƙarfafa asuwakin da suka gada.