Zanen Bango a Damagaram: Daga Fadar Tanimun Zuwa Zamanin Siminti

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Zinder, ya zo hutu Matameye. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ya miƙo mini wayarsa, yana nuna mini hotunan wani ɗakin baje kolin zane-zane na birnin Dakar. Ya ce, "Kawu, mu fa an bar mu a baya. Duk faɗin Damagaram ina za ka je ka kalli zane?" Na ce masa ya ɗaga kai ya dubi zauren da ke fuskantarmu. A saman ƙofar akwai ragowar dagi, rabinsa ya zube, rabin kuma yana nan cikin tsohon yaɓe. Ya fi shekara ashirin yana wucewa ta gabansa, bai taɓa lura da shi ba. Wannan hira ce ta sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da tarihin zane a birnin Zinder, domin mu mutanen Matameye da Kance can muke ɗauko yayi, kamar yadda muke ɗaukowa daga Daura da Kano.

Tushen maganar yana unguwar Birni. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, Zinder ta zama babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano, Borno, Agadas da Tarabulus. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852. Fadar da muke gani yau ta samo asali ne daga wannan zamani, haka ma ganuwar da ragowarta ke nan. Inda dukiya ta taru, nan masu sana'a ke taruwa: dukawa, majema, maƙera, marina, masu ɗinkin riga, da magina ƙarƙashin Sarkin Magina. A wajen ganuwa kuma unguwar Zango ta tashi, inda ayari ke sauke kaya, attajirai irin su Malam Yaro suka kafa gidajensu.

Magini a wancan lokaci shi ne mai zanen gari. Idan ya gama ɗora tubali, ya ɗaure rufi da azara, ya fitar da zankwaye a saman soro, sai ya koma kan fuskar zaure. Yakan dama ƙasa mai kyau ya yi yaɓe, tun tana da danshi ya fitar da zane da yatsunsa, wani wuri ya tono, wani wuri ya tayar. Don kada ruwa ya wanke aikin, ana shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Launi kuwa shi ne farar ƙasa, jar ƙasa, da shuni. Yawancin zanen ƙulli ne da da'ira da layuka masu saƙa juna, saboda malamai ba sa son a zana mai rai. Wanda ya san aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko zayyanar allon mai sauka, ko adon jakar fata ta Zinder, zai ga dangantakarsu da abin da ke jikin bango. Hannu daban-daban ne, amma ido ɗaya ya rene su.

Damagaram ba ita kaɗai ba ce a wannan fage. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a tun kafin fadar Tanimun, kuma masana gini na duniya sun sha zuwa kallon bakan gizonsa. Magina suna yawo tsakanin biranen Hausa, kowa na ɗaukar na wani yana ƙarawa da nasa.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 garin ne hedikwatar mulkinsu a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Mutum zai zaci tafiyar hedikwata za ta kashe sana'ar, amma ba haka aka yi ba, domin gyaɗa ta zo. Ƙasashen Matameye da Magarya suka zama rumbun gyaɗa, kuɗi suka shiga hannun 'yan kasuwa da dillalai waɗanda ba su gaji sarauta ba. Adon da a da sai gidan sarki da manyan fadawa, sai ga shi a zauren duk wanda ya yi ciniki mai kyau ko ya dawo daga Makka. A wannan zamani ne sababbin abubuwa suka hau bango a biranen Hausa: keke, mota, agogo, takobi, har jirgin sama. Mai wucewa na iya karanta labarin maigida tun bai yi sallama ba.

Kakana yana cikin waɗannan mutane. Shekarar da gyaɗa ta yi masa albarka ya ɗauko magini daga Zinder, ya sauke shi a gida kusan wata guda, ana kai masa tuwo da goro. Ni ban ga aikin ana yinsa ba, amma na taso na tarar da shi, kuma na tuna duk bayan damina ana kiran wani dattijo ya gyara inda ruwa ya ci. Wata rana ina yaro na tambaye shi, "Baba, ina takardar da kake kallo kana zanawa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, takardata tana gidan maigidana, shi ma tasa tana gidan nasa maigidan." Sai da na girma na gane nufinsa: bangon da aka riga aka yi shi ne littafin mai koyo.

A cikin gida kuma mata suna da nasu baje kolin. Jeren ɗakin amarya, ƙore masu zane da tasoshi, daga baya kwanonin samira da tangaran, ana tsara su ne don a zo a gani a yaba. Tukwanen Mirriya ma, waɗanda ake ginawa a yi musu ado da launi, suna cikin wannan lissafi.

Abu biyu suka karya kasuwar magini. Na farko fari na 1973 da 1974, wanda ya durƙusar da gyaɗa tare da masu biyan kuɗin ado. Na biyu siminti da kwanon rufi. Tun da masana'antar Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, ga kuma wanda ke shigowa daga Nijeriya, ginin bulo ya zama alamar wadata, ginin ƙasa ya koma na marar hali. Wasu magina sun gwada fitar da tsohon zane da siminti su shafa masa fentin mai, shi ya sa za ka ga gidaje a Birni da Zango masu kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Amma siminti a kan ƙasa yana riƙe danshi a ciki, wata rana sai ya ɓantaro gaba ɗaya, ya tafi da zanen. Haka aka yi a gidanmu.

Zanen bai mutu ba, wurin zama ya sauya. Ya koma jikin manyan motocin da ke bin hanyar Takeita zuwa Dan Barto, ya koma allunan masu aski da teloli da masu shayi, ya koma hannun masu ɗaukar hoto, yanzu kuma ga matasa masu zane da kwamfuta da waya.

Su kuwa ɗakunan baje koli irin na Turai, waɗanda ɗan ƙanwata ke nema, daga baya suka zo, kuma daga sama aka kawo su. A Yamai an buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama. A Zariya ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a 1958, suna cewa a haɗa ilimin makaranta da gadon gida. Zinder ta samu gidan tarihi na jiha da wurin masu sana'ar hannu, sannan da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda na fara ganin zane rataye cikin firam ina ɗalibi. Ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar nuna ɓacin rai kan zanen ɓatanci na wata mujallar Faransa, an cinna wa cibiyar wuta. Ɓacin ran na fahimce shi, amma waɗanda suka rasa wurin karatu da wurin nuna aikinsu yaran Damagaram ne.

Tun 2006 Birni da fadar Sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Agadas ta samu shiga a 2013, Zinder tana jira. Damina kuwa ba ta jira. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, shekara guda bayan wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta kan masallata a Zariya.

Ba na adawa da a gina wa matasanmu ɗakin baje koli, ina ma fatan in ga ranar. Sai dai ina ganin aikin gaggawa ya fi wannan sauƙi. A nemo tsofaffin maginan da suka rage, a biya su su koyar. Hukumomin gari su riƙa ba su aikin fuskar makarantu da kasuwanni. Masu hali da ke gina benaye su ware ko da zaure ɗaya ne. Ɗan ƙanwata kuma na ba shi nasa aikin: kafin hutu ya ƙare ya zaga Matameye da Kance da wayar nan tasa, ya ɗauki hoton duk bangon da ke da zane, ya tambayi sunan wanda ya yi shi. Jiya ya dawo da hotuna goma sha ɗaya da sunaye uku. Sauran takwas ɗin, masu gidajen sun ce wanda ya sani ya rasu. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.