Ƙara da Iko: Jita Ɗari a Kunnen Bagobiri

Gabatarwa

Ranar 13 ga Yuni, 2001, makaɗa 100 suka jeru a gindin tagwayen benayen birnin New York, kowa rataye da jitar lantarki, kowa da akwatin lasifikarsa. Glenn Branca (1948–2018) ya ɗaga hannu, suka sako kiɗan da ya kira simfoninsa na 13. Simfoni a wurin Turawa dogon kiɗan taro ne mai babi-babi, wanda aka saba yi da goge da bushe-bushe. Branca ya ɗauki sunan, ya ɗora shi a kan kayan kiɗan samari. Abokin tafiyarsa Rhys Chatham ya yi na jita 100 tun 1989, sannan a 2005 ya tsara wani na jita 400 domin majami'ar Sacré-Cœur da ke Paris.

Mai ji daga nesa zai ce hayaniya ce. Maƙalar nan tana ganin kunnen da ya tashi a ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Kamarawa da Sabon Birni, ya fi kunnuwa da yawa shirin fahimtar wannan kiɗa, kuma ya fi su shirin tuhumarsa. Ya san amo, ya kuma san wanda ke da izinin yin ƙara.

Abin da ke cikin tsirkiya ɗaya

In aka taɓa tsirkiya, ba sauti ɗaya take bayarwa ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, tana kuma kaɗawa rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, duk a lokaci guda. In uwar sautin tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, akwai 'ya'yanta a 220 da 330 da 440, har sama. A ɗaki shiru uwa kaɗai ake ji sosai. In aka ƙure lasifika, 'ya'yan sai su fito fili.

Nan Branca ya kafa rumfarsa. Yakan ɗaure tsirkiyoyin jita shida a kan sauti guda, ya raba jitocin zuwa masu siririyar murya da matsakaita da masu kauri, kamar yadda ake raba mawaƙa. Hannun mutum ba ya ɗaure tsirkiya biyu su zo daidai tsaf: wannan tana 110, waccan tana 113, sai kunne ya ji wani bugu sau uku a daƙiƙa wanda babu makaɗin da ya buga shi. A jita 100 tsirkiya 600 ke wannan gogayya, har masu sauraro su rantse sun ji muryoyin mutane ko bushe-bushe a inda babu su. Simfoninsa na 3, na 1983, kacokan a kan jerin 'ya'yan sauti ya gina shi. Ƙarar a nan kayan aiki ce, kamar wuta a maƙera. In an rage ta, abin da ake son ƙerawa ba zai yi laushi ba.

Kakaki, tambari da kotso

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙofar fada. Kakaki, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), dogon bututun ƙarfe ne marar huda ko ɗaya ta yatsa. Mai busa ba shi da abin sauya sauti sai leɓe da numfashi, don haka 'yan sautukan da yake fitarwa 'ya'yan sautin bututun ne. In masu kakaki huɗu ko biyar suka busa tare, tsawon bututunsu bai zo ɗaya ba, sai iska ta ɗauki wani irin kyarma. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da su ranar hawan salla ya san abin: tambari yana dukan ƙirji kafin kunne ya tantance shi, doki yana zabura, yaro yana toshe kunne yana dariya. Makaɗan garaya da molo ma sukan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyan abin kiɗa don ya riƙa zuza. Sautin da Bature mai goge zai kira datti, su da gangan suke ƙara shi, don a wurinsu kiɗan da ba amo miya ce ba gishiri.

Sai dai Gobir ta san wani abu na biyu. Tambari na sarki ne. Attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi wa tawaye, amma ya bar ganga inda akwai buƙata ta shari'a, kamar tara runduna. Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir, ta faɗi a 1808, tambura ba su faɗi ba. Sun bi Gobirawa Tsibiri, sun bi su Sabon Birni. Sarakuna da masu jihadi sun saɓa a kan abubuwa da yawa, amma duk sun yarda cewa sauti mai ƙarfi yana tattara jama'a, kuma ba kowa ake bar wa shi ba.

Ƙorafin Cage

A 1982, a wani bikin sabbin kaɗe-kaɗe a Chicago, dattijon mai tsara kiɗa John Cage ya saurari Branca, ya fito ransa a ɓace. Abin da ya dame shi mutum ɗaya ne a gaba yana juya taro da ƙarfin da ba ya barin kowa ya numfasa. Ya ce da siyasa ce, da ta yi kama da mulkin kama-karya. Magoya bayan Branca sun ɗauki maganar tsufa ce kawai. Bagobiri ba zai yi saurin watsar da ita ba, don Cage ya hango abin da fada ta daɗe da sani.

Amma akwai inda maganarsa ta gaza, kuma a Isa amsar take. Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ma jagora ne a gaban taro. Kotsuna suna tashi tare, 'yan amshi suna biye. Duk da haka waƙarsa ba ta tafiya sai da karɓi. Yakan jefa ɗiya ya ja baki, yaransa su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara abin da bai faɗa ba, sannan a koma gindi. Wannan ɗan gurbin da jagora ke bari shi ne numfashin waƙar, nan ne kuma zambo da habaici ke samun wurin shiga, har a taɓa manya. Ke nan haɗuwar jagora da taro da ƙara ba ita ce kama-karya ba. Abin dubawa shi ne ko an bar ƙofar amsawa. A ma'aunin nan Branca ya yi rabi: bai bar wa makaɗansa gurbi sosai ba, amma sautukan da suka fi ratsa mutane a kiɗansa ba shi ya rubuta su ba, tsirkiyoyi da ɗaki ne ke amsa masa.

Jita ta biyo ta Sakkwato

Jitar lantarki mai ƙara ba ta yi mana nisa ba. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa a Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta memori kafin kamfanin Sahel Sounds ya fitar da su duniya. Zuwa faifansa Afrique Victime na 2021, jitarsa ta kai ƙarar da masu sauraron Branca za su gane. A Agadas kuwa ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr a gidajen biki suka girma: janareto a gefe, jita biyu ko uku suna saƙa da juna, mata suna tafi da guɗa, masu rawa suna shiga fili suna fita. Babu takarda, babu mai tsayawa gaba da sanda. Ƙarar tana nan, amshin ma yana nan. In wata rana matasan Isa ko Maraɗi suka tara jita 20 wuri ɗaya, gadon da ya kamata su ɗauka daga Branca shi ne sanin 'ya'yan sauti. Tsarin taro kuwa suna da nasu a gida.

Kammalawa

Cage ya shahara da kiɗansa na 1952, wanda makaɗi ke zama minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba, don a saurari abin da ke kewaye. A wurinsa shiru 'yanci ne. Mutumin Kamarawa na wannan zamani yana da ja a kan haka. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni sun koya wa ƙauyuka wani shiru dabam, na bikin da ake gamawa kafin magariba, na kunnen da ke kasawa ko za a ji rugugin babura. Wannan shirun ma mutum ɗaya ke juya shi, kuma ba ya barin amshi. Saboda haka ba a auna zaluncin sauti da yawan ƙararsa. Daren da aka tayar da janareto a dandali, aka ƙure lasifika har gari ya waye ba wanda ya waiwaya, mutane ba za su tsaya tambayar jita ce ko kotso ba.