Yadda Aka Hana Anna May Wong Zama 'Yar Sin

A shekarar 1935, sa'ad da kamfanin MGM ya shiga neman 'yan wasan da za su fito a fim ɗin The Good Earth, wadda ta fi cancantar matsayin O-Lan, matar manomin nan na ƙasar Sin da ta sha fari da yunwa da kishiya, ba ɓoyayyiya ba ce. Anna May Wong ce, haifaffiyar Los Angeles a 1905, 'yar wani mai wanki da guga ɗan asalin Sin. Sunanta ya riga ya kai Turai, ta kuma fito tare da Marlene Dietrich a Shanghai Express a 1932. Littafin Pearl Buck da za a mayar fim kuwa labarin Sinawa ne tsantsa.

Ba a ba ta ba. Kamfanin ya ɗora wa Paul Muni, Bature haifaffen Turai, matsayin mijin, Wang Lung. Ƙa'idojin tace finafinai na wancan zamani sun haramta nuna auratayya tsakanin farare da baƙaƙe, kamfanoni kuma suka shimfiɗa haramcin har kan mutanen Asiya. Mai karatu ya dubi wannan kwan-gaba-kwan-baya: a cikin labari ɗan Sin ne ya auri 'yar Sin, amma tunda mijin Bature ne a ƙarƙashin kwalliya, tilas matar ma ta zama Baturiya. Wato asalin da ya sa Wong ta dace, shi ne ya zame mata shinge.

Aka ɗauko Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, aka yi mata kwalliyar Sinawa. Fim ya fito a 1937, ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa. Hatta matsayin Lotus, kishiyar da aka yi wa Wong zancensa, wata 'yar Austriya, Tilly Losch, ta hau shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburori Sinawa shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943, kuma finafinai suka gaji wannan kallo. Riga biyu aka ɗinka wa mutumin Sin: ko Fu Manchu, mugu mai makirci, ko Charlie Chan, ɗan sandan ciki mai ladabi da gurguwar Turanci. Warner Oland, mutumin Suwidin, ya sa duka biyun, ta Chan har sau 16. Mace kuwa, ko mayaudariya ko baiwar da za ta mutu kafin a tashi fim. Irin waɗannan ne Wong ta yi ta samu, kuma da ta ziyarci Sin a 1936, can ma sai masu suka suka ce ta zubar musu da mutunci. Ba ta tsira a gida ba, ba ta tsira a dawa ba.

Al'adar ta daɗe. John Wayne ya fito a Genghis Khan a 1956. A 1961 Mickey Rooney ya sa haƙoran ƙarya ya zama ɗan Japan mai ihu a Breakfast at Tiffany's. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon wani yana karya Hausa da gangan a fim, a matsayin mai gadi, jama'a na dariya, ya san ɗacin wannan. A wannan shekarar ce Wong ta rasu, tana da shekara 56.

Sai a 2023, shekara 86 bayan fitowar The Good Earth, 'yar Asiya ta fara cin kyautar da Rainer ta ci, wato Michelle Yeoh ta Malesiya. Kafin nan da 'yan watanni, a 2022, Amurka ta buga fuskar Anna May Wong a jikin kwabonta na santi 25.