Zinariyar da Ba Zinariya Ba: Labarin Ɗakin Ɗawisu

Da yawa daga cikin zinariyar da ido ke gani a bangon manyan gidajen Turai na dā ba zinariya ba ce. Tun kafin ƙarni na 16 masu sana'ar fata a Sifen, daga baya kuma a Holan, suka ƙware wajen yin fatar bango mai ruwan gwal ba tare da ƙwayar gwal ko ɗaya ba. Sukan liƙa siririn fallen azurfa a kan fatar, su goge shi har ya yi ƙyalli, sannan su shafe shi da man sheƙi mai launin rawaya. Haske ya ratsa man, ya daki azurfar, ya dawo wa ido da kamannin zinariya. Wannan dabara ce dai masu fentin bango ke bi har yau: ƙarfe mai araha a ƙasa, launi mai shara-shara a sama.

Irin wannan fata ce attajirin jiragen ruwa na Libaful, Frederick Leyland, ya sa aka lulluɓe bangon ɗakin cin abincinsa da ita a gida mai lamba 49, Prince's Gate, Landan. Mai tsara gini Thomas Jeckyll ne ya shirya ɗakin, da kantocin katako domin jera tangaran ɗin Sin masu launin fari da shuɗi. A saman murhu aka tanadi wurin wani zane na James McNeill Whistler, ɗan Amurka mazaunin Landan. A 1876 Whistler ya yi ƙorafin cewa jajayen furannin da ke jikin fatar suna kashe wa zanensa kyau. Leyland ya yarda ya ɗan gyara su, ya koma Libaful. Jeckyll kuwa rashin lafiya ta kwantar da shi, ɗakin ya zama ba mai tsawatarwa.

Gyaran bai tsaya a furanni ba. Whistler ya rufe silin da abin da ake kira ƙarfen Holan, wato gaurayen jan ƙarfe kusan kashi 85 cikin ɗari da tutiya, wanda ake bugawa har ya zama falle kamar na zinariya, ya zana gashin ɗawisu a kansa. Ya shafe kantocin da ruwan gwal, ya zana manyan ɗawisu a ƙyauren tagogi. Daga ƙarshe ya bi tsohuwar fatar mai tsada da shuɗin fenti, ya binne ta. Zinariyar bogi ta masu fata ta ɓace, tasa ta hau.

Da aka zo maganar kuɗi, ya nemi guinea 2,000. Leyland, wanda bai sa wannan aiki ba, kuma ya ji cewa ana gayyato baƙi da 'yan jarida cikin gidansa ba da saninsa ba, ya ce rabi zai biya, ya kuma biya da fam. Bambancin sule ɗaya ne kacal a kowane fam, amma cin fuska ne babba: a Ingila ta wancan zamani da guinea ake biyan likita da lauya da mai zane, fam kuwa na ɗan kasuwa ne da mai aikin hannu. Leyland dai ya nuna masa cewa mai fentin bango ya ɗauke shi. Whistler ya rama a kan bangon: ɗawisu biyu suna faɗa, ɗaya da kuɗi warwatse a ƙafafunsa. Leyland ya ci gaba da cin abinci a gaban wannan zagi har rasuwarsa a 1892, abin da ke nuna cewa ya san darajar aikin ko da ya ƙi mai shi.

Akwai kuma tambayar da ta dami Turawan lokacin: shin kwaikwayon ƙarfe a bango yaudara ne? John Ruskin, a littafinsa na 1849 kan ƙa'idojin gini, ya la'anci fentin katako don ya yi kama da marmara, amma ya ware ruwan gwal, domin a ganinsa kowa ya san falle ne kawai. Hujjar tana da rauni, tunda wanda ya san falle ne bai zama lallai ya san fallen na jan ƙarfe ba ne. Ruskin ɗin nan ne Whistler ya kai ƙara kan ɓata suna, ya yi nasara a 1878, aka ba shi diyyar kwabo mafi ƙanƙanta, kuɗin shari'a suka taimaka wajen karya shi a 1879.

Lokaci ne ke tona asirin jan ƙarfe. Zinariya ba ta tsatsa, shi kuwa yana dusashewa muddin iska ta same shi, don haka dole a rufe shi da man sheƙi, man kuma yana yin duhu da tsufa. Charles Lang Freer ya sayi ɗakin a 1904, ya kwashe shi zuwa Detroit. Tun 1923 yana gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Washinton. Da masu gyara suka wanke shi a farkon shekarun 1990, katakon ƙasan bangon da aka daɗe ana gani ruwan ƙasa ya fito da launinsa na asali, zinariya mai ratsin kore.