An Soke Bauta, Amma Me Ya Sa Har Yau Ake Gorin Asali?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kalgo. Yana cewa: tunda an ce bauta ta ƙare, don me har yau ake hana wasu aure a ce su bayi ne?

To malam, sai mu koma baya kaɗan. Bayan jihadin Shehu Usmanu, a 1812 aka raba mulkin daular gida biyu, yammaci ya zama hannun Malam Abdullahi na Gwandu. A wancan zamani bayi ne ke noma gandayen manya, ana ajiye su a rinji. 'Ya'yan da suka haifa, wato cucanawa, su ma haka suke gadon bauta. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa 2.5 a daular Sakkwato.

Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya yi doka a 1901 cewa duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Amma bai kwance waɗanda ke hannu ba, don yana tsoron noma ya tsaya, sarakuna kuma su juya masa baya. Sai bawa ya yi murgu, ya tara kuɗin fansa, sannan alƙali ya ba shi takardar 'yanci. Ba a soke bautar ɗungurungum ba sai 1936.

To ga inda gizo ke saƙar. An 'yanta mutum, amma ba a ba shi gona ba. Dole ya zauna yana aron ƙasa wajen tsohon ubangijinsa. Wanda ba shi da gona kuwa, da wuya ɗansa ya yi karatu mai zurfi, balle a naɗa shi mai unguwa ko limami. Haka abin ya bi jikoki, har ya kai ga zancen aure.

A maƙwabciyarmu Nijar ma sai 2003 aka mai da bauta laifi. A 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin ƙin kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya.

A Nijeriya, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa kowa haƙƙi saboda yadda aka haife shi. Dokar tana nan. Saura waliyyai da masu unguwanni su daina tambayar wane ne kakan yaro.

Da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa.