Masu Ɗaurin Rodi: Koyon Sana'a, Lada da Kuɗin Ayyukan Gwamnati

Mai ɗaurin rodi shi ne ma'aikacin da ke yanka rodi, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure shi da waya bisa zanen injiniya kafin a zuba kankare. Da wuya a sami kwalbati ko gada ko ajin makaranta ko tankin ruwa da hannunsa bai shiga ba. Sai dai da zarar an zuba kankare aikin nasa ya ɓuya, ba mai sake ganinsa sai ranar da gini ya tsage.

Koyon sana'a

Akasarin masu wannan sana'a a hannun maigida suke koyo, a filin aiki, har ya yaye su. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida ta, kuma kada ta wuce shekara 5. A karkara ba safai ake bin wannan tanadi ba, magana ce ta baka tsakanin uban yaro da maigida. Ta fuskar hukuma akwai Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga mataki na 3 a ƙare a na 1. Wannan takarda ce shaidar da ma'aikaci zai nuna a inda ba a san maigidansa ba.

Lada

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. To amma dokar ta keɓe wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma wanda ake biya gwargwadon aikin da ya yi. Ke nan mai ɗaurin rodi da ya karɓi jingar kwalbati a ƙauye ba ya ƙarƙashin inuwarta. A manyan kamfanoni lamarin ya bambanta, domin ƙungiyar ma'aikatan gine-gine ta ƙasa, NUCECFWW, wadda ke cikin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, takan zauna da ƙungiyar kamfanonin gini, FOCI, su daidaita kan albashi da alawus-alawus.

Kuɗin kwangila

Dokar Bayar da Kwangila ta Tarayya ta 2007 ta ce a ba da aiki ga mafi rahusa daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, kuma jihohi da dama sun kafa irinta. Farashin siminti da rodi kasuwa ce ke yanke shi, ɗan kwangila ba shi da ta cewa. Ladan ma'aikata ne kawai yake iya matsewa. Kamfanin da ke biyan albashin yarjejeniya, yake kuma zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashinsa a asusun NSITF kamar yadda Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta, dole farashinsa ya ɗara na wanda ya kwaso yaran da ba a yaye ba. Arhar na biyun ba ta ɗorewa: rodin da aka ɗaure da tazara fiye da ƙima, ko aka bar shi dab da fatar kankare, ruwa kan kai gare shi ya yi tsatsa, ƙaramar hukuma ta sake biyan kuɗin aikin da ta riga ta biya.

Saboda haka ya kamata sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya duba abin da aka ware wa lada a takardar ƙiyasi, ya kuma nemi shaidar ƙwarewar shugaban masu ɗaurin rodi. Kwamitin al'umma kuwa yana iya neman kada a zuba kankare sai injiniya ya zo ya auna kaurin rodi da tazararsa, ya sa hannu.